Neman kalma: me za mu kira wanda ya gama jinyar ciwon dajin kai da wuya?

Mai Shiri: Assalamu alaikum malamai. Ina da shirin rediyo ranar 27 ga Yuli, Ranar Ciwon Dajin Kai da Wuya ta Duniya, kuma jibi zan miƙa rubutun. Kalmar survivor ta gagare ni, wato wanda aka yi wa tiyata ko gashi (ƙona ciwon da hasken na'ura a asibiti) ya koma gida. Na sa "wanda ya warke", amma hankalina bai kwanta ba.

Anti Nas: Kar ki sa warke, ƙanwata. Aƙalla shekara 5 ake bibiyarsu a asibiti, don in ciwon zai dawo, yawanci a shekara 2 zuwa 3 na farko ne. Kuma gashi yana lalata abin da ke samar da yawu. Baki ya bushe, haƙora su ruɓe, muƙamuƙi ya ƙage. Ko haƙori ba a cire musu sai likita ya san an yi gashi, saboda ƙashin ba ya saurin warkewa. Kika ce sun warke, 'yan uwa sai su daina kai su asibiti.

Malamin Nahawu: Tsirarre, daga tsira. Kamar gyararre daga gyara. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina ita.

Ɗan Maraɗi: Malam, jam'in fa? A rediyo mai sauraro "tsiraru" zai ji, ko ma "tsirara". Kuɓutacce ya fi tsabta.

Malamin Nahawu: Daga hannun ɓarayi ake kuɓuta. Kuma tun farko me ya kawo "ciwon daji"? Sankara muka gada. Mun bar 'yan jarida suna yanka mana harshe yadda suka so.

Ɗan Maraɗi: Mu nan kansa muke cewa kowa ya gane. Ba a Kano kaɗai Hausa take ba.

Malamin Nahawu: Aron kalma alhali kana da taka, raina kai ne.

Mai Shiri: Don Allah malamai, jibi ne fa.

Baba Mai Rawani: 'Yata, da izininku. Shekara 6 ke nan da aka cire mini maƙoshin murya. Ta ƙofar da aka bar mini a wuya nake numfashi, da hunturu sai na rufe ta da ƙyalle saboda ƙura. Ba na shiga rafi, wanka ma da lura. Tuwo sai da miya mai yawa, gorar ruwa kuwa ba ta barin hannuna. Abin da ya fi ciwo, ni ke kiran salla a masallacin unguwarmu da. Ban ji na tsira ba, ban ji na kuɓuta ba. Ranar da aka sallame ni, yayata cewa ta yi, "Da sauran shan ruwanka." Ita ce maganar da ta zauna mini.

Anti Nas: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Masu sauran shan ruwa. Ni dai ta yi mini.

Malamin Nahawu: Allah ya ba da lada, Baba. Magana ce mai kyau, amma salon magana ce, ba ta shiga ƙamus. Duk mai rai yana da sauran shan ruwa.

Mai Shiri: To, a rubutu zan ce "waɗanda suka gama jinyar ciwon daji". Sunan shirin kuma "Da Sauran Shan Ruwa", in Baba ya yarda.

Baba Mai Rawani: Na yarda. Ki gaya musu su riƙa haƙuri in muna magana, kar su ƙarasa mana zance.

Malamin Nahawu: Shi ke nan. Amma ki ambaci sankara ko sau ɗaya ne.