Muhawara: Da gaske ne Jimmy Carter bai iya mulki ba sai bayan ya sauka?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum. Ga inda na tsaya: Jimmy Carter mutumin kirki ne, amma a kujerar shugaban Amurka ya gaza. Duk yabon da ake masa na bayan saukarsa ne. Wa'adi ɗaya ya yi, 1977 zuwa 1981, kuma a zaɓen 1980 Ronald Reagan ya samu ƙuri'un wakilai 489, shi kuwa 49. Waɗanda ya mulka ne suka yanke wannan hukuncin.

Kawu: Wa alaikumus salam. Yaro, faɗuwa zaɓe daban, gazawa daban. Ka duba lokacin da ya samu kansa a ciki. Juyin juya halin Iran na 1979 ya rage man da ke shiga kasuwar duniya, farashi ya tashi, Amurkawa suka koma bin layi a gidajen mai. Kowa ke kan kujerar a shekarar sai ya sha zagi.

Ɗan Auta: Kawu, ku gafarce ni, amma uzurin ya yi yawa. Hauhawar farashi ta haura kashi 13 cikin ɗari a 1980. Amurkawa 52 suka yi kwana 444 a tsare a Tehran. Ya tura sojoji su ceto su a Afrilun 1980, aikin ya watse a hamada, mutum 8 suka mutu.

Malam: Ɗan Auta, bari in ɗauki maganar farashin, don a nan ne aka fi yi wa mutumin rashin adalci. Carter ne ya naɗa Paul Volcker shugaban Babban Bankin Amurka a 1979. Ya san Volcker zai ɗaga kuɗin ruwa sama, ya san rance zai yi tsada, kasuwa ta yi sanyi, kuma duk wannan zai faɗo a shekarar da yake neman tazarce. Ya naɗa shi duk da haka. Zuwa 1983 hauhawar ta sauko ƙasa da kashi 4, lokacin Reagan ke kan mulki. Wani ya yi shuka, wani ya yi girbi. Su kuma waɗanda aka tsare, gwamnatin Carter ce ta ƙulla yarjejeniyar sakinsu ta hannun Aljeriya, kuma duk 52 sun koma gida da ransu ba tare da an yi yaƙi ba.

Hajiya: Ni ba zan iya jin ana rage darajar mutumin nan in yi shiru ba. Wanda ya tashi a ƙauyen da ake shan ruwan tafki ya san kurkunu. Tsutsa ta fito maka a ƙafa, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni, daidai lokacin da gona ke jiranka. A 1986, da Cibiyar Carter ta shiga yaƙin, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a shekara. Najeriya kaɗai ta ƙirga sama da 650,000 a ƙarshen shekarun 1980. Ba allura, ba ƙwaya: tace ruwa, hana mai ciwon shiga tafki, da bin ƙauye-ƙauye, har Janar Yakubu Gowon ya sa kansa a aikin. A 2013 aka tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da cutar. A 2023 mutum 14 kacal aka samu a duniya baki ɗaya.

Ɗan Auta: Hajiya, ai hujjata kuka ƙarfafa. Duk wannan bayan ya bar fadar White House ne. Lambar Nobel ma a 2002 ya karɓa.

Hajiya: Ɗana, halin da ya kai shi bakin tafki shi ne ya kawo shi Legas a 1978 yana kan mulki, lokacin Obasanjo. Ba a ranar sauka ya fara kallon Afirka ba.

Malam: Gaskiyar Hajiya. A 1979 an matsa masa ya ɗage takunkumin Rodeshiya (Zimbabwe ta yau) bayan zaɓen da ya kawo Muzorewa a matsayin firaminista, ya ƙi, don tsarin ya bar ƙarfin iko a hannun tsirarun fararen fata. Shekara ta zagayo Zimbabwe ta samu 'yanci. Haka yarjejeniyar 1977 ta mayar wa Panama mashigin ruwanta, abin da ya ja masa baƙin jini a gida.

Yaya: Allah ya gafarta Malam, kada mu wanke shi tas. Mai wa'azin haƙƙin ɗan Adam ne ya je Tehran a ƙarshen 1977 ya yabi Shah, Sarkin Iran, alhali gidajen yarin sarkin cike suke da 'yan adawa. Shi ya bar Shah ya shiga Amurka neman magani a Oktoban 1979, bayan mako biyu aka mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran, aka tsare Amurkawan nan. Gwamnatinsa ta ci gaba da ba Indonesiya makamai lokacin da sojojinta ke kashe mutanen Timor ta Gabas. Yarjejeniyar sulhun Masar da Isra'ila ta Camp David kuma, me Falasɗinawa suka samu a ciki?

Kawu: Maganar Timor ban da amsarta, abin kunya ne. Falasɗinawa kuwa an rubuta musu alkawarin cin gashin kai, ba a cika ba, kuma shi kansa Carter ya shafe ƙarshen rayuwarsa yana faɗin haka a fili har wasu na gida suka juya masa baya. Amma kwana 13 ya riƙe Sadat na Masar da Begin na Isra'ila a 1978 har suka sa hannu. Masar ta karɓi Sinai, kuma ƙasashen biyu da suka gwabza a 1948, 1956, 1967 da 1973 ba su sake yaƙi da juna ba. Yaro, wannan yana kan kujera ya yi shi.

Ɗan Auta: Camp David da Volcker na karɓa, Kawu. Iran ce har yanzu ban ga wanda ya warware mini ba. Jami'ansa na Tehran sun gargaɗe shi a kan shigar da Shah, me ya sa bai kwashe su ba kafin ya buɗe ƙofar?