Category: rukuni ne, ko aji, ko nau'i?

Mai Fassara: Jama'a salamu alaikum. Ana fassara manhajar sayar da kaya ta waya don 'yan Kantin Kwari, an zo kan kalmar category an cije. Wani ya ce rukuni, wani ya ce kashi, wani ya ce aji. A kan maɓalli za ta zauna ita kaɗai, ba jimla a gabanta ko bayanta. Wacce za a ɗauka?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Kashi dai a cire shi tun yanzu. A baki lafiya lau, "kashi uku ne" kowa ya gane, don karin sauti ya raba gardama. Amma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, in aka rubuta shi tilo a fuskar waya, yara dariya za su yi ta yi. Kun san abin da nake nufi.

Malamar Nahawu: Gaskiyar Alhaji. Aji kuma yana da nasa aibin: da ka ce aji, kunne ya ji sama da ƙasa, aji ɗaya, aji biyu, mace mai aji. Mu a nahawu muna cewa azuzuwan kalmomi, amma a kasuwa in ka sa atamfa a wani aji, shadda a wani, mai saye zai ɗauka ɗaya ta fi ɗaya daraja. A ajiye aji sai inda ake maganar inganci, kamar shaddar da ta fi wata sheƙi da nauyi.

Almajirin Manɗiƙi: Malama, a ƙara da wannan. Kalmar category asalinta ta Girka ce, masanin falsafa Aristotal ya lissafa guda 10, Larabawa suka kira su maƙulat. Masu karatun manɗiƙi, wato ilimin kafa hujja, a zaure suna da jinsi a sama, nau'i a ƙarƙashinsa: dabba jinsi, doki nau'i. Sai dai jinsi ya riga ya tafi wajen namiji da mace a takardun cikewa, ba za a iya ƙwato shi ba. Nau'i kuwa yana nan daram, amma gurbinsa na ƙasa ne.

Mai Fassara: Allah gafarta malam, ke nan gurbin sama na rukuni ne?

Malamar Nahawu: Shi ne. Kunne ya saba da shi: wasannin rukuni a gasar ƙwallo, rukunin gidaje, rukunin kamfanoni. Babu ƙanshin fifiko a cikinsa. Ku gwada da kasuwar hatsi ta Dawanau: hatsi rukuni ne, a ciki akwai gero da dawa da maiwa da masara. Dawa kuma nau'i-nau'i ce, ga kaura ga farafara. Jam'insa rukunai, wasu na cewa rukunoni, ku tsaya kan ɗaya daga farkon manhaja har ƙarshe. Aikatau kuwa kada a ƙago wani "rukunta", a ce kasa kaya rukuni-rukuni.

Ɗan Kwari: To ga inda ake yin ɓarnar, ko an sami kalmar. Sai ka ga jeri ɗaya an zuba atamfa, shadda, leshi, kayan sallah, masu araha. Uku na farko da irin yadi aka raba su, na huɗu da lokaci, na biyar da farashi. Leshi mai araha da aka kawo don sallah, ina za ka sa shi? Yaron shago zai shigar da shi wuri uku, ranar lissafi a ga turmi 30 a waya, a kanta kuma 10 ne. Kowane mataki ma'auni ɗaya: a sama irin yadi, a ƙasansa nau'i, kamar atamfa 'yar Holan da 'yar Caina. Farashi da launi a bar su wajen tacewa. Kuma kada rukunin "sauransu" ya yi ƙiba, in ya fi sauran yawa to rabon ne bai yi ba.

Mai Fassara: Madalla. Rukuni a maɓallin sama, nau'i a na ƙasa, aji ga inganci kawai. Saura filter, Alhaji ya ce tacewa, wani a nan yana cewa tankaɗe. Gobe in Allah ya kai mu.