Yaro mai sikila yana fara aiki ya watsar: taurin kai ne ko daga ƙwaƙwalwa ne?

Ummu Biyu:
Assalamu alaikum. Ɗana mai sikila ne (SS), shekararsa 9. Haddarsa lafiya lau, amma in aka ce ya wanke hannu, ya ɗauko jaka, ya sa takalmi, sai ya yi na farko ya tsaya nan. Lissafi mai matakai kuwa a tsakiya yake ɓacewa. Malaminsu ya ce ganganci ne. Bai taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ba. Sikila na iya jawo haka?

Likitan Yara:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Tana iyawa ƙwarai. Ƙarancin jini da toshewar ƙananan jijiyoyi kan hana iskar oksijin isa wani ɗan wuri a ƙwaƙwalwa, wurin ya lalace ba tare da baki ya karkace ko hannu ya mutu ba. Fiye da ɗaya cikin uku na yara masu SS suna samun irin wannan tabo kafin shekara 18. Ya fi faɗawa can cikin ɓangaren gaba, bayan goshi, inda jini ke isa a ƙarshe. Ɓangaren nan kuwa shi ke riƙe umarni a ka na ɗan lokaci, ya jera matakai, ya taka wa mutum birki, ya sauya dabara in ta farko ta ƙi. Shi ya sa za ki ga hadda na nan daram, tsari ne ya rikice.

Gwaji biyu ne, kada a haɗa su. TCD yana auna gudun jini a manyan jijiyoyin kai, ana yi wa yaro shi duk shekara daga shekara 2 zuwa 16. Gudun da ya kai santimita 200 a daƙiƙa alamar haɗarin shanyewar ɓarin jiki ce. Amma TCD ya fito lafiya ba ya nufin babu tabo. Hoton MRI ke nuna shi, CT kan tsallake shi. Ki tambayi likitansa batun maganin sikila mai suna hydroxyurea, wanda aka yi bincike a kansa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Gwargwadon nauyin yaro ake ba da shi, tare da gwajin jini a kai a kai.

Malamar Firamare:
Kafin sakamako ya fito, a sauya yadda ake ba shi umarni. Ɗaya tak, a gabansa, yana kallonki, ya maimaita da bakinsa. Ya gama, sai na biyu. Shirin safe a zana shi a kwali, hotuna huɗu ko biyar, a manna kusa da ƙofa yana taɓa kowanne in ya kammala. Aikin gida minti 10 zuwa 15, a huta, a sha ruwa. A rufe sauran shafin da takarda, tambaya ɗaya kawai ta fito. Don Allah a roƙi malamin ya ajiye bulala. Tsoro yana ƙara tarwatsa abin da yaron ke ƙoƙarin riƙewa a ka.

Nas Mai Ritaya:
'Yar'uwa, ki lura da barcinsa. Minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi, sau da yawa saboda kumburin ƙulluwan maƙogwaro, suna rage oksijin da dare, kuma ana maganinsu. A duba jinsa da ganinsa ma. In kuwa kika ga magana ta sarƙe, fuska ta karkace, ko hannu ya saki, ko da na minti biyar ne ya dawo daidai, asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.