Neman shawara: insulin ɗin Hajiyarmu da rashin wuta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min da shawara a kan mahaifiyarmu. Shekara tara tana fama da ciwon suga, bara likita ya mayar da ita kan allurar insulin mai suna Mixtard safe da yamma, kuma ni nake mata. Sati uku ke nan taransfomar unguwarmu ta ƙone, ga zafin Gusau na watan Afrilu, sai na kai kwalaben biyu gidan maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara take ajiye mana a firizarta. Tun daga nan sugan Hajiya ya ƙi sauka. Da can da safe 130 zuwa 150 nake gani, yanzu 260, jiya har 290, alhali cimarta ba ta canza ba. Ga ƙishirwa, ga yawan fita fitsari da dare. Yayana ya ce in ƙara mata yawan allurar, ni kuma gabana faɗuwa yake. Maganin ne ya lalace, ko na'urar gwajin ce?

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Don girman Allah kada ki ƙara ko ɗigo ba da izinin likita ba. Ranar da kika samu magani mai kyau kika ba ta wancan ƙarin, sugan zai faɗi warwas, kuma wannan ya fi saurin kai mutum ƙasa. Firizar nan nake zargi. Insulin sanyin firji yake so, digiri 2 zuwa 8. Da zarar ya daskare ya tashi daga aiki, ko da ya narke ya koma kamar lafiya lau. Ki murza kwalbar a tafin hannu sau goma: Mixtard mai kyau zai haɗe fari sol kamar madara. In kin ga gudaji, ko wani fari ya manne a jikin kwalbar, kada ki ƙara yi mata allura da shi. Ki kai Hajiya asibiti yau da kwalaben. In kuwa ta fara amai, ko barci mai nauyi, ko numfashi sama-sama, kada ku jira gari ya waye.

Wani dattijo daga Maraɗi:
Ɗiyata, shekara 14 ina wannan allura, ban taɓa mallakar firji ba. Ƙaramin tulu nake sakawa cikin randa, in cika tsakaninsu da yashi, ina jiƙa shi safe da yamma, in rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwar da iska ke kaɗawa. Maganin sai na sa shi a gwangwani mai murfi tukuna, don kada ruwa ya taɓa bakin robar ko ya goge rubutun. Kuma ɗaiɗai nake saye, ba na tarawa. Allah ya ba Hajiya lafiya.

Ma'aikaciyar jinya:
Baba ya yi gaskiya. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da Jami'ar Janeba sun fitar da bincike a 2021 bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda zafi ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37, suka ga insulin ya riƙe ƙarfinsa har sati huɗu. Sai dai zafinmu yakan haura 40, shi ya sa randar take da amfani. Ranar da kika fara tsira allura a kwalba, ki rubuta kwanan watan a jikinta. Yawanci sati huɗu ne, wasu har shida, takardar cikin kwalin za ta faɗa miki.

Wani mai kemis:
Anti, kada ki manta da tsinken gwajin. Ki duba ranar ƙarewarsa, ki riƙa rufe robar da zarar kin zaro ɗaya, kuma shi ba a sa shi a firji, raɓa ke kashe shi. Ki wanke mata hannu ya bushe kafin gwaji, don danƙon mangwaro ko dabino a yatsa kaɗai ya isa ya ɗaga lambar. Sai sirinji, a nan mutane ke cutuwa ba su sani ba: akwai U-100, akwai U-40, lambobin da ke nuna ƙarfin insulin ɗin da aka yi sirinjin dominsa. Dole lambar sirinji ta zama ɗaya da ta jikin kwalba. Shi kuwa insulin ɗin, ki sayi mai lambar NAFDAC a inda kika ga an ciro shi daga firji da idonki.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Na tambayi maƙwabciyar, ta ce sau biyu tana tarar da kwalaben sun zama ƙanƙara, ta ɗauka hakan ne daidai, ni ma ban yi mata bayani ba. Mun je asibiti, an gwada na'urarmu da tasu sun zo kusa da juna. Likita ya karɓe tsofaffin, ya bar yawan allurar yadda yake, muka sayi sabuwa guda ɗaya. Yau kwana uku, da safe na ga 158, jiya kuma Hajiya sau ɗaya ta tashi cikin dare. Baba na Maraɗi, na samo tulun da randar. Yashin rafi ne dole, ko na gini ma zai yi?