Wace kalma za mu ba "markup" da Hausa?

Tun farkon wannan zangon karatu nake koyon LaTeX, wani tsarin shirya takardu a kwamfuta, saboda aikin darasin ginin jimla, kuma duk lokacin da na zo yi wa abokan karatuna bayani da Hausa, kalmar "markup" ce take tsayar da ni. Ina so mu tsayar da kalma ɗaya, ga kuma wadda nake ganin ta dace.

Sai an fahimci aikin kafin a raɗa masa suna. Donald Knuth na Jami'ar Stanford a Amurka ne ya fito da manhajar TeX a 1978, daga baya Leslie Lamport ya gina LaTeX a kansa. A wannan tsari mutum ba ya ganin shafinsa yadda zai fita a lokacin da yake rubutu, domin yana cakuɗa rubutun ne da umarni, sannan manhaja ta karanta umarnin ta tsara shafin. Wannan umarnin da ake cakuɗawa da rubutu shi ne "markup". Idan na ɗauki jimlar "Audu ya tafi kasuwa", sai in sa umarnin \gll a gabanta, in rubuta ma'anar kowace kalma a layi na biyu, kuma idan takardar ta fito, kowace ma'ana tana zaune daidai ƙarƙashin kalmarta, shi kuwa \gll ya ɓace. Wanda ya taɓa yin wannan jeri da hannu, yana danna tazara har layin ya karkace, ya san darajar abin. Haka nan wasalin farko na "kasuwa", wanda ke ɗaukar alamar tsawo da ta karin sauti ƙasa a lokaci guda, yana fita tsaf idan aka yi amfani da XeLaTeX, wani nau'in LaTeX, da salon baƙi irin Charis SIL.

An kawo mini "alama", amma ta yi faɗi, kuma alamomin rubutu irin su aya da waƙafi sun riga sun kama ta. Wani ya ce "zayyana", wadda na so ƙwarai saboda tana tuna mana da adon da marubutan Alƙur'ani suke yi, sai dai zayyana ita ce abin da ido yake gani a ƙarshe, alhali abin da muke nema ba ya bayyana a shafi ko kaɗan.

Ni na tsaya a kan "shaci". Mai ɗinkin hula yakan fara shata zane a kan ƙyalle, allura ta bi shacin, kuma idan zare ya rufe, babu mai sake ganinsa, ko da yake shi ne ya tsara komai. Wannan shi ne ainihin aikin \gll. Saboda haka sai mu ce "shacin rubutu", mu kira LaTeX da HTML (wanda ake tsara shafukan intanet da shi) "harsunan shaci", ga kuma aikatau a shirye: "na shata misalan nan", "ba ka shata bishiyar jimlar daidai ba".

Na san za a ce kunne zai iya karkata zuwa "shaci-faɗi". Ban ga hatsari a nan ba, domin "rubutu" da ke biye ya raba gardama. Abin da ya rage mini shi ne "typesetting", inda nake tsakanin "tsara shafi" da "jera baƙi", kuma zan so in ji yadda tsofaffin ma'aikatan maɗaba'a a Zariya da Kano suke kiran wannan aiki a bakinsu.