Sunan da aka rubuta wa ɗan yayata a takardar asibiti

Wata 'yar'uwa daga Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Ɗan yayata mai shekara 2 cikinsa ya kumbura, an yi hoto, an yanki tsoka an auna. Likita ya yi bayani, amma yayata kuka ya hana ta ji. A takarda an rubuta neuroblastoma. Yaya ake faɗinsa, mene ne ma'anarsa? Wani a gidanmu ya ce duk abin da ya fara da neuro na ƙwaƙwalwa ne, tun daga nan kakar yaron ta daina cin abinci.

Wani malamin makaranta, Asawase: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya. Ki raba shi uku: niyuro, bilas, toma, ki ɗan ja "to" ɗin. Mutanen Amurka nuro suke cewa, mu da muka gaji Turancin Ingila niyuro, duk ɗaya ne. Asalin kalmar Girkanci ce. Gaɓar farko jijiya, ta biyu toho, irin na shukar da ba ta nuna ba, ta ƙarshe ƙari. Wato ƙarin da ya fito daga ƙwayoyin jijiya waɗanda ba su gama girma ba. Wani likita a Boston, James Homer Wright, shi ya raɗa sunan a 1910. Kuma bilas ɗin nan ba fashewa ba ce, na ji wani ya fassara shi haka.

Wata nas, Sabon Zango: Malam ya gama da suna, ni maganar Hajiya kaka ta dame ni. Ku gaya mata ba a ƙwaƙwalwa yake ba. Jijiyar da ake nufi ba ta jini ba ce, irin wadda ke kai saƙo cikin jiki ce, kamar mai sa zuciya ta ƙara bugu idan mutum ya tsorata. Galibi yana farawa ne a wata 'yar tsoka da ke zaune a kan ƙoda, shi ya sa ciki ke kumbura. Wani lokaci a ƙirji, wuya ko gefen ƙashin baya. Cutar kansa ce, wato ciwon daji, ba zan ɓoye miki ba, kuma kusan 9 cikin 10 na masu ita yara ne da ba su wuce shekara 5 da haihuwa ba lokacin da aka gano ta.

Ki sake duba takardar da kyau. Akwai nephroblastoma, nefuro ake faɗi, wannan ta ƙodar ce kanta, ana kuma ce mata Wilms. Dukansu suna kumbura ciki, amma maganinsu daban. Idan za ku gaya wa wani likita, ku miƙa takarda, kada ku dogara da baki.

Wani dattijo: Ku kawo shi a yi masa tofi, akwai kuma sassaƙe.

Nas ɗin: Baba, tofi da addu'a muna so. Sassaƙen dai a bari, kada ya haɗu da maganin asibiti. Gee, wato asibitin Komfo Anokye na Kumasi, na da sashen kansar yara, kada ranar da aka ba su ta wuce.

Mai tambaya: Na gode. Na duba, neuro ne, ba nephro ba. Hajiya ta sha koko da safen nan, amma sunan ya gagare ta, "ciwon toho" take cewa. Alhamis za mu koma, ni zan shiga wurin likita da biro.