Wace kalma ta dace da "essential oil" a Hausa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ana rubuta bayani kan man da ake tatsa daga kanumfari, kirfa da na'ana'a domin yaƙar ƙwayoyin cutar baki. Turawa na ce masa "essential oil", na kuma ga wasu suna rubuta "muhimmin mai". Malamai, hakan ya yi?

Malamin sinadarai: Wa'alaikumus salam. Bai yi ba ko kaɗan. Ba muhimmanci ake nufi ba, ainihin ƙamshin tsiron ake nufi. Ana zuba kanumfari a tukunya, a turo tururi daga ƙasa, tururin ya kwashi man ya bi ta bututu mai sanyi ya koma ruwa, sannan a raba su. Na kanumfari nutsewa yake yi don ya fi ruwa nauyi, na na'ana'a kuwa tasowa sama yake. Ba shi da maiƙo irin na man girki: ɗiga shi a takarda ka bar ta ta sha iska, zai tashi. Ni dai "man tururi" nake so.

Mai harhaɗa magunguna: Malam, sunan ya zauna a baki, sai dai zai bar na ɓawon lemo a waje, tunda matse shi ake yi, ba a turara shi. Me zai hana "man ƙamshi"?

Likitar haƙori: Nan fa nake jin tsoro, Malam. Da an ce "man ƙamshi", zuciyar mai karatu turare za ta tafi, wanda yawancinsa haɗin masana'anta ne, har wani ya ɗauko kwalbarsa ya shafa a dasashi. Abin da zai shiga baki dole sunansa ya fito fili.

Kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na man kanumfari sinadarin yujinol ne. Yana narkewa cikin kitsen da ke fatar ƙwayar cuta, fatar ta yi rauni, abin da ke ciki ya tsiyaye. Haka yake yi wa Streptococcus mutans, mai juya sukari ya zama tsamin da ke cin haƙori, da Candida albicans, mai sa farin dabbare-dabbare a harshe da cikin kunci. Mukan kwaɓa shi da garin zinc oxide mu toshe kogon haƙori na wucin gadi. To amma ƙarfin da ke huda fatar ƙwayar cuta shi ke ƙona dasashi idan aka ɗiga shi tsantsa, wurin ya yi fari ya saɓule. Yaro ƙarami ya haɗiyi cokali ɗaya ko biyu na shayi, hantarsa na iya lalacewa. Ku dubi yadda ake tsarma irin waɗannan sinadarai na ƙamshin tsiro a Listerine, ruwan kurkure baki: timol da ke ciki kashi 0.064 ne kacal cikin 100, mentol 0.042. Sannan ƙwayoyin da suka lafe cikin dauɗar da ta manne wa haƙori sun fi na farantin gwaji a ɗakin bincike wuyar mutuwa nesa ba kusa ba, shi ya sa buroshi ke fara aiki kafin kurkure baki.

A ƙara "tsiro" kawai: man ƙamshin tsiro.

Malamin sinadarai: Na janye nawa, Likita. Naki ya haɗa na turarawa da na matsewa, ya kuma kore na masana'anta.

Mai harhaɗa magunguna: Na yarda, da sharaɗi ɗaya. Mutane na jiƙa kanumfari a man girki su kira shi man kanumfari, alhali ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Wanda aka turara a rubuta "tataccen man kanumfari", wancan kuma "jiƙon kanumfari", kada a auna wannan da cokalin wancan.

Mai tambaya: Madalla, haka za a rubuta. Allah Ya ƙara ilimi.